Kujerar Abdussalam

Folda ta farko da Muktar ya buɗe a kwamfutar sunanta "sabo". A cikinta akwai "sabo na gaske", a cikin wannan kuma akwai "kar a taɓa". Ya ja tsaki mai tsawo.

Ƙungiyar ƙarama ce, ɗaki biyu ne ofishinta a Anka. Tana da manhajar waya da ma'aikatan lafiya ke shigar da bayanan yaran da gubar dalma ta taɓa a Sunke da Tungar Guru da maƙwabtansu. Can babu sabis, don haka duk sabon zubin manhajar sai an loda a mimori, an ba masu babur. Mutum ɗaya ne ya iya haɗa sabon zubi, wato Abdussalam, shi kuwa ya ajiye aiki ya koma Gummi noman shinkafa.

Shi ya sa shugabar ƙungiyar, Hajiya Kulsum, ta ɗauko Muktar daga Gusau na wucin gadi, ya gyara yadda ake haɗa manhajar da rarraba ta. Amma idonsa na kan kujerar jami'in manhaja da Abdussalam ya bari. Saboda ita ya ƙi aikin da ya samu a Sakkwato, har ya faɗa wa Inna ta daina damuwa.

Teburin Abdussalam an jibga masa kwalaye, don haka kan benci Muktar ke aiki. Bai damu ba. Bai ga an manna sanarwar neman ma'aikaci ba, ya kuma san dalili: wa zai yi cigiyar abin da ke hannunsa?

Ƙazantar aikin ce ke ba shi haushi. Manhajar ba ta haɗuwa sai a kan wata tsohuwar kwamfuta mai mataccen batir, ita ma sai an mayar da agogonta baya. Anka da Gummi da Bukkuyum kowace da nata kwafin, alhali sunayen ƙauyuka kawai suka bambanta. Makullin da ake hatimce manhajar da shi, wanda in babu shi waya ba za ta karɓi sabon zubi a kan tsoho ba, fayil ne da ke kwance cikin foldar hotunan wani biki, an rufe shi da kalmar sirri. Babu ko layi ɗaya na bayani. Muktar ya yanke hukunci: wannan ba injiniya ba ne, jaki ne aka ba kwamfuta.

Dole ta sa ya je Gummi neman kalmar sirrin. Ya iske Abdussalam a bakin fadama, laka har gwiwa.

"Malam, haka ake aiki?" in ji Muktar. "Akurkin kajin Inna ya fi foldodinka tsari."

Abdussalam bai ji haushi ba. Ya faɗa masa kalmar, sannan ya ce, "Wa yac ce ka gyara?"

"Hajiya."

"Duka?"

"Har ƙasa."

Abdussalam ya dube shi, ya yi wata 'yar dariya. "To, Allah shi taimaka, ƙanena."

Hassada ce, Muktar ya raya a ransa a kan hanyar komawa. Noman dai shi ya dace da shi.

Ya duƙufa. Ya dunƙule kwafi ukun suka zama ɗaya, ya ware sunayen ƙauyuka a fayil ɗin da kowa zai iya gyarawa. Ya kwashe makullin ya ajiye a kwamfutar ofis, ya ba Hajiya kwafi. Ya share duk wani "kar a taɓa". Aikin da a da yake cin wuni guda ya mayar da shi danna maɓalli ɗaya, ƙunshin sabon zubin ya fito a shirye, sai dai a loda a mimori. Har bayani ya rubuta da Hausa, da hotuna, domin waɗanda kansu ba ya ja.

Hajiya mace ce mai ƙarancin magana. Takan tsaya a bayansa ta yi tambaya guda, kullum ita ce.

"Ko ba ka nan ana iya yi?"

"Hajiya, ko akuya ta taka maɓallin nan zai fita."

Sai ta gyaɗa kai ta wuce. Muktar ya lura tambayar na yi masa daɗi.

Ranar gwaji ta ce ya fita waje, Rakiya sakatariya ta zauna. Ta taga yake kallonta tana lalube da yatsa ɗaya, yana taɓe baki. Ta danna. Ƙunshin ya fito. Aka ba mai babur mimori ya nufi Nasarawa Burkullu, bayan la'asar ma'aikaciyar can ta hau tudu inda ake samun sabis ta bugo waya: sabon zubi ya hau, bayanan yara duk suna nan.

Washegari Muktar ya zo da sabon kaftani. Ya tarar an sauke kwalayen, mutum biyu na fita da teburin Abdussalam, kujerar a kife a kansa. Daidai ne, ya ce a ransa, tsohon tebur bai dace da shi ba.

Hajiya ta kira shi ofishinta. Karon farko ya ga haƙoranta.

"Muktar, Allah shi yi ma albarka, ka gaida Inna in ka isa gida," ta ce. "Tun tuni munka so soke kujerar nan, dabarar Abdussalam ta hana mu, sai da Allah ya kawo ka."