Masaƙi da Man Zafin Surukinsa

Tun ɗazu nake kallonka kana zama da gefe ɗaya kamar bencin nan na da ƙusa, an tambaye ka ka ce gajiya ce. Gajiya! To gyara tsayuwarka, tunda zaman ya gagara, ka ji wani misali.

An yi wani masaƙi, dattijo mai kunya har ta yi masa yawa. 'Yarsa ta fari ta haihu, murna ta ɗebe shi ya yi alkawari a gaban dangi cewa da zanen da ya saƙa da hannunsa za a goya jikan nan ranar suna. Kwana biyu da haihuwa sai basir ya taso masa, irin mai tsiron nan, wanda ko tabarma ya hango sai gabansa ya faɗi. Ita kuwa saƙa ba a yin ta a tsaye. Ga zare a miƙe, ga kwanaki na tafiya, mazauni ya ce sam bai san zancen ba.

Kemis ɗaya ne tak a garin, mai shi kuma ba kowa ba ne illa mijin 'yar tasa, angon ƙarni. Yanzu fisabilillahi, ta ina dattijo zai buɗe baki ya ce wa surukinsa basir? Ya dai daure ya je. Surukin ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Dattijo ya kau da kai yana kallon kwalaben kanta, ya ce, "Jijiya ce ta riƙe mini baya, can ƙasa-ƙasa." Shi ma surukin kunya ta hana shi tambayar ƙasan ina. Kansa a sunkuye ya miƙo man zafi, irin wanda ake murza wa ciwon jijiya da sanyin ƙashi, ya ce, "Baba, a shafa daidai inda ke ciwon, a murza sosai." Bawan Allah ya koma gida ya bi umarni tiryan-tiryan. Wayyo! Mutumin da ko tari ba ya yi da ƙarfi, ranar sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Matarsa ta same shi zaune dirshan cikin bahon wanki, ruwa har ƙugu, yana salati yana kiran sunan gyatumarsa da ta rasu shekara ashirin. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta yafa mayafi ta nufi kemis, don ita Allah bai ɗora mata nauyin baki ba. Ta ce, "Basir ne, ɗan nan. Basir! Saura kaɗan ka gasa mana shi."

Surukin ya dafe kai, ya rasa inda zai sa kansa. Nan take ya ɗauko man basir mai sanyaya wurin, ya ce a rage yaji, a yawaita shan ruwa da kwaɗon zogale, in kuwa an ga jini a nufi asibiti ba wasa. Kwana biyu dattijo ya koma gindin saƙarsa, da matashi a ƙarƙashi, yana aiki daga hantsi har la'asar sakaliya. Ranar suna aka goya jinjiri da farin zane mai ratsin shuni, mata na rangaɗa guɗa. Kakan ya zauna daram a tabarma, ya tanƙwashe ƙafa yana raba goro, baki har kunne don daɗi. Shi da surukin ba su yarda sun haɗa ido ba, amma kowa ka duba kafaɗarsa rawa take saboda dariyar da yake dannewa.

Saboda haka tashi ka je wurin mai magani, ka kira abin da ke damunka da sunansa na yanka. Hausawa sun riga sun gama magana: ranar wanka ba a ɓoyon cibi.