Tururuwa Mai Gaɓa Tara

Dakta ta sake ƙirga gaɓoɓin ƙahon. Tara ne, kamar jiya.

Tururuwar tana kwance a ƙarƙashin madubin ƙara girma, tsawonta bai kai rabin ƙwayar shinkafa ba. Kanta mai kusurwa huɗu, idanunta kamar ɗigon allura, ƙugunta mai ƙulli biyu, sannan ga ƙaya guda ɗaya tak a tsakiyar bayanta, lanƙwasasshiya. Duk danginta na kusa gaɓa goma sha biyu gare su a ƙaho, ƙayarsu kuma biyu ce. Launinta ruwan zuma ne, ko da yake abin da ya daɗe cikin ruwan adanawa yakan koɗe.

Babu irinta a littattafai. Matsalar ita ce ita kaɗai ce.

Bara Dakta ta same ta, a wani kurmi mai nisan yini guda a mota. Ba a cikin tarko ta faɗa ba. A kan farin ƙyallen da take shimfiɗawa ta tace ƙasa ta gan ta tana tafiya abinta. Ƙyallen nan shi take naɗe kular abincinta da shi in za ta fita, domin ita ba mai son tarkace ba ce. Ta ɗauke ta da hantsaki, ta jefa a kwalba, ta liƙa lamba.

Editan mujallar da ta aika wa rahoton ya amsa cikin ladabi. Guda ɗaya ba ta isa a kafa sabon jinsi ba, wataƙila nakasasshiya ce kawai. A kawo ma'aikatan tururuwar da yawa, a kawo sarauniyarsu.

Shugaban sashensu a jami'a bai wahalar da kansa da ladabi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin bincikenta yana auna bango da ido.

"Dakta, in damina ta wuce babu takarda, masu nazarin sauro zan ba ɗakin nan. Su aƙalla abin da suke nema yana zuwa da kansa."

Ta zauna ta yi lissafi. Ƙananan idanu na nufin zaman duhu. Laushin fata na nufin danshi. Siririn jiki na nufin tsaga. Amsa: ruɓaɓɓen itace a gindin kurmi. Ta koma da ruwan farko.

Ta farfasa kututture. Ta ɗaga duwatsu. Ta binne kofuna a ƙasa, ta ɗiga zuma a takarda, ta tace ganye buhu-buhu. Ta sami cinnaka, ta sami gara, ta sami kunama wadda ita ma ta same ta. Kowace tururuwa ta ɗora a gilashi, gaɓa sha biyu.

Tana durƙushe a cikin taɓo mijinta ya kira. Malamin lissafi ne, kuma tun da aka fara wannan bincike shi ke riƙe da kicin.

"Uwargida sarautar ƙwari, jama'arki sun kawo mana ziyara."

"Baban yara, hannuna duk laka. Mene ne?"

"Wasu ƙanana ne baƙaƙe, bayan wurin wanke-wanke, inda famfon nan ke ɗiga. Da can ɗaya-ɗaya nake gani, yanzu har layi suke yi wa sukari. In ɗauko miki hoto?"

"Kiyashin gida ne, duk duniya akwai su. Ni ba su nake nema ba."

"To in fesa musu magani?"

"Kada ka fesa. Feshi na waje kawai yake kashewa." Ta goge gumi da gwiwar hannu, ta faɗa masa sunan wata hoda, da yadda zai kwaɓa ta da ruwan sukari a murfin kwalba. "Kada ka cika, don kada su mutu a hanya. So ake su kai wa uwarsu da ƙafarsu. Ka bar su su yi ta ɗiba."

"Kai! Allah ya raba mu da sharrin masana."

Ya bi umarnin daki-daki. Mutum ne da ba ya tsallake mataki.

Ruwa ya ɗauke. Dakta ta dawo da kwalabe cike da tururuwan da kowa ya sani. A farfajiyar sashe ta tarar an jingine kejin sauro a jikin ƙofarta, ba a dai shigar ba tukuna.

A gida, mijinta ya karɓi jakarta, ya ja ta kicin tun kafin ta cire takalmi. An gyara famfon, an ɓamɓare tayil, an shafe tsagar da siminti.

"Maganinki ya yi aiki. Ko ɗaya ba ta rage ba, ni da mai gyaran famfo mun duba har ciki. Ga ma kyauta na ajiye miki."

Ya miƙo mata kwalin ashana. Wata babba ce a ciki, ta bushe, ƙanana birjik a kewaye da ita.

"Uwar tasu ke nan, ko? Na ce ai sai kin ga gawar abokiyar gaba."

Dakta ta gaji, amma hannunta ya saba. Ta zaro ƙaramin gilashin da ke rataye a wuyanta, ta matsa kusa da taga, ta juya babbar da tsinken ashana.

Baƙa ce wuluk, tunda ba ta taɓa shiga ruwan adanawa ba, amma ƙayar bayanta ɗaya ce, kuma ko ta wane ƙaho Dakta ta fara ƙirga, a tara yake ƙarewa.