Gaisuwar da Ta Toshe Rumbu

Tun da aka kafa dokar cewa duk saƙon da ba ya ɗauke da buƙata shara ne, wata manhaja mai suna Rariya ke tace imel ɗin garin. Ranar Sallah ta yi ta ɗaukewa, da an tashe ta sai ta sake mutuwa.

Balaraba mai gyaranta ita kaɗai ce a ofis. Ta buɗe rumbun da Rariya ke zuba shara, ta tarar ya cika maƙil. Ba talla ba ce, ba damfara ba. "Barka da Sallah." "Yaya jikin Inna?" "Kwana biyu shiru."

Ta kira shugabanta. "Ranka ya daɗe, gaisuwar mutane ce ta toshe rumbun."

"Akwai mai neman wani abu a ciki?"

"Babu."

"To goge mana, Balaraba. Ina da baƙi."

Kafin ta goge, ta rubuta sunanta a gurbin bincike, ta jira. Ta sake rubutawa har da sunan mahaifinta, ko na'urar ba ta gane ba.

Ko a cikin shara babu wanda ya gaishe ta.

Ta goge. Rariya ta tashi lafiya lau.