Kawun da ke Cikin Kwamfuta

Mubina ta sami saurayinta Khoa a garejinsa a birnin Greensboro, idanunsa sun yi ja wajen haɗa fim ɗinsa na farko. Iyayensa 'yan Vietnam ne, duk sun rasu.

Ta ce, "Baba ya gaji da jira. Ya ce ka turo magabatanka."

Ya juyo mata da kwamfutarsa. Wani tsoho ne zaune a bakin kogi, yana magana da yarensu.

"Kawuna ne, shi kaɗai ya rage min a can. Na ɗauke shi a fim yana nema min aurenki. Mu nuna wa Alhaji babanki."

Ta daɗe tana kallon tsohon, sannan ta gyara mayafinta.

"Fim ba ya miƙa goro, Khoa, ba ya cewa amin. Ka kawo mutum, ko ka ƙyale ni."