Tafkin da Ba Ya Riƙe Ruwa

Tsaya, ɗan'uwa, kafin ka ƙara wa rijiyar nan zurfi, bari in ba ka labarin da har yau yake faranta mini rai. Wani mai lambu ne daga Arewa ya zauna a bakin teku yana noman latas da albasa. Da masu lambu suka yi yawa, kowa ya sa inji yana zuƙar rijiyarsa ba ƙaƙƙautawa, sai ruwa ya fara gishiri-gishiri. Ganye ya ƙone, sabulu ya daina kumfa. Mutumin nan ya san idan rani ya sake zuwa a haka, sai dai ya kwashe iyalinsa ya bar gonar da ya yi shekara ashirin yana wa hidima. Maƙwabta suka yi ta ƙara zurfi, gishiri yana ƙaruwa. Shi kuwa ya tuna garinsu, inda rijiyoyin da ke kusa da kududdufi ba sa ƙafewa. Sai ya sadaukar da kashi ɗaya cikin uku na gonarsa, ya haƙa faffaɗan rami a kan rairayi, ya karkato ruwan damina da ke malalewa teku ya shiga ciki.

Kwana uku da cika, ruwan ya tsotse ƙaf. Dariya kuwa har da riƙe ciki! Wani maƙwabci mai tausayi ya kawo masa yumɓu, ya ce ya shafe gindin ramin don ya daina yoyo. Ya yi godiya, ya mayar masa da kayansa, ya ma ɗauki fartanya ya kankare laka don ruwan ya ƙara nutsewa. Ya ce, "Ai ba ajiya a sama nake yi ba. Mun kwashe na ƙasa ne, teku ya ga wuri ya shigo, shi ya sa nake mayar da ruwa ƙasa." Damina uku yana haka, ya kuma rage jan ruwa. A rani na huɗu ya jefa guga a rijiyarsa, ya kurɓa, ya sake kurɓa, sai ga shi, dattijo da furfura, yana gudu gona-gona da guga a hannu yana cewa a ɗanɗana! Garɗi kamar ruwan randa. Wallahi har rijiyar mai yumɓun nan ta gyaru, kuma shi ya fara zuwa aron fartanyar.

Teku bai fi ƙarfinsu ba, wuri suka bar masa. Gaskiyar Hausawa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.