Karatun 'Yan Asali

Liman bai zo La'asar ba. Ɗana ya matsa gaba zai ja salla, wani alhaji ya kamo rigarsa.

"Koma sahu, ɗan tubabbe."

Ya koma. A nan garin Abbare aka haife shi, shekara biyar bayan na musulunta, a nan ya haddace Alƙur'ani. Tun ranar a gida yake salla.

Da azumi na bi ta shagon alhajin. Kaset na tashi, yana share hawaye.

"Dattijo, saurara. Karatun 'yan asali ke nan, daga Yola aka kawo mini."

Na saurara. Ɗana ne, a tsakar gidana aka ɗauka bara. Tsakanin aya da aya, har tarina ana ji.