Na'urar da Ta Ƙi Mantuwa

Ka taɓa ganin na'urar da ciwonta shi ne ta ƙi mantuwa? Akwai ɗaya a Illela a shekarar 1989, a wani ƙaramin ofishin allurar shanu da ke bakin iyaka.

Aikinta ba wuya. Makiyayi zai haura Nijar da garkensa, a yi wa shanu allura, kwamfuta ta buɗe masa gurbi a ƙwaƙwalwarta, ta buga masa takardar wucewa. Ran da ya dawo, ta rufe gurbin ta ba wani. Ƙwaƙwalwar ƙarama ce, kamar ɗakin baƙi mai tabarmi ƙidayayyu, sai wani ya tashi wani ke samun wurin kwanciya.

A makon da ruwan shuka ya sauka ta fara sandarewa. A kunna ta da safe, ta buga takarda biyu, allon ya tsaya cak. Garke sama da arba'in suka taru tsakanin Kalmalo da Amarawa, ga gero ya fara tsiro. Ranar Laraba wata saniya ta shiga gona, aka fasa wa mai ita kai.

Sai aka aiko Junaidu daga Sakkwato, sabon gama jami'a, da jakar faya-fayai. Malam Yelwa, shugaban ofishin, wanda bara aka kawo shi garin, ya tashi zai nuna masa inda makunnin yake, ya tarar har ya miƙa hannu bayan akwatin ya kunna.

"Injiniya, mi ad damuwatta?"

"Sai na duba."

Kwana uku yana dubawa. Ya kwance ta, ya ciro ƙananan sassan ƙwaƙwalwar ɗaya-ɗaya, ya goge ya mayar. Ya ce ko janareto ne ke rage wuta, aka aro wani. Ya ce ko zafi ne, aka kafa mata fanka biyu.

"Ka ga 'yar gata," in ji Rahmatu mai buga takardu. "Mu da anka haifa ko guda ba mu samu ba."

Bai yi dariya ba, bai kuma ji haushi ba. Abinci ma sai an tuna masa. Makiyaya na zaune a gindin bishiya suna magana da Fulatanci. In muryarsu ta ɗaga, sai ya tashi ya rufe taga.

A rana ta huɗu Rahmatu ta ɗora yatsa a kusurwar allon, inda wata koriyar lamba take: 412.

"Wagga lamba fa? Tun da niz zo ban taɓa ganin ta ragu ba."

Junaidu ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya yi musu bayani a shimfiɗe, kamar mai karanta sanarwa. Baturen da ya kafa tsarin a 86, aka kwashe tsohon rajista aka zuba ciki, ya sa masa umarni layi ɗaya: duk gurbin da ya shekara biyu mai shi bai dawo ba, a share shi. An cire layin. Saboda haka duk waɗanda suka haura a shekarar fari da yunwa aka rufe iyaka a bayansu, da waɗanda suka ɓace daga baya, suna nan, su ne lambar ke ƙirgawa. Kullum safe na'urar sai ta ɗauko su ta shimfiɗa wa kowa tabarmarsa, har na waje suka rasa wuri.

"Wane mugu yay yi wanga aiki?" in ji Malam Yelwa.

"Na'ura ba ta rubuta sunan mai taɓa ta."

"To gyaran kwana nawa?"

"Minti biyar."

Malam Yelwa ya buɗe baki, sai hayaniya ta tashi a waje, wani manomi ya zo da sanda. Malam Yelwa ya fita rabon faɗa.

Abu ɗaya Junaidu ya roƙa: a rubuta sunayen a littafi kafin a share. Ya zauna gaban allon, tafin hannunsa ya rufe sunan da ke sama, yana karantawa Rahmatu na rubutawa. Tun hantsi har la'asar, salla kaɗai ta tashe su. Sunayen rugage da na mashaya da ke karya mata harshe, shi ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba.

Da suka gama, ya buga layin umarnin da ka, bai duba wata takarda ba. Ya danna. Lambar ta koma sifili. Injin bugawa ya kama ƙara, kafin magariba garken farko ya tsallaka.

Rahmatu ta ƙirga littafinta. Ta sake ƙirgawa.

"Injiniya, ɗari huɗu da sha ɗaya nig gani. Ka manta guda."

"Ban manta ba."

"To hwaɗi in rubuta."

Bai faɗa ba. Ya karɓi biron, ya rubuta a saman shafin farko da hannunsa, ya ɗauki jakarsa ya nufi tasha.

Yanzu babu na'urar da ke jiran mutumin nan. Saboda haka, mai karatu, in hanya ta kai ka Ƙonni ko Tawa, ka tsaya a bakin rijiya ka tambaya: wa ya ga Boyi Maccido na Darna, dogo, mai tabo a haɓa? In ka same shi, ka ce masa ya zo gida. Ka ce ɗansa Junaidu, wanda bakinsa ba zai iya kiran sunan uba ba, wanda yana ɗalibi ya taya Bature aiki ya cire layin nan a ɓoye, ya riƙe masa wuri shekara uku, yau ya rufe da hannunsa.